Daga Samanja zuwa Gidan Badamasi: Shirye-shiryen da suka cancanci datarka

Mutane da yawa kan yi mamaki idan aka gaya musu cewa Mr. Bean, wasan barkwancin nan na Ingila da Rowan Atkinson ya fito a ciki, kashi 15 kacal aka yi. An fara haska shi a tashar ITV ranar 1 ga Janairun 1990, aka rufe shi a 1995. Kowane kashi kusan minti 25 ne, wato ko ka haɗa su gaba ɗaya ba za su cika awa bakwai ba.

Amma shekara 30 bayan nan, har yau ana kallonsa a shagon aski da teburin mai shayi da wayoyin yara, kuma wanda bai san kalma ɗaya ta Turanci ba ma yana ƙyalƙyala dariya.

A nan gida kuwa, akwai fina-finai masu dogon zango da suka haura kashi 100, kowane kashi kusan awa guda, amma idan aka tambaye ka abin da ya faru a kashi na 60 sai ka yi shiru kana sosa ƙeya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai kallo a waya. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kallo ya zama abin lissafi. Awa ɗaya a YouTube da hoto mai matsakaicin kyau takan cinye kusan rabin giga. Wanda ke bin fim uku a mako ya san abin da hakan ke yi wa aljihunsa. Don haka tambayar ita ce, wanne ne ya cancanci kuɗin, wanne ne kuma kawai sabo ya sa ake binsa?

Abin da ke raya shiri

Idan aka duba shirye-shiryen da suka daɗe a bakin mutane, abu ɗaya ne ya haɗa su: akwai wani mutum a ciki da mai kallo ya san irinsa a unguwarsu. Labarin kan ɓace daga kai, amma mutumin yana nan.

Babu wanda ya fi tabbatar da haka kamar marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, kuma soja ne na gaske kafin ya koma wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin na Kaduna. Shi ya sa Hausarsa ta bariki, wadda ke cakuɗe da gurɓataccen Turanci da tsawa irin ta fareti, ba kwaikwayo ba ce, a bakinsa take. Samanja mutum ne da ke girgiza kurata da tsawa, amma ya dawo gida matsalar iyali ta sha kansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki, ko yake da kawu tsohon soja, ya san wannan mutumin.

Haka marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Masu kallon Hausa sun san shi a Karambana da Magana Jari Ce, sauran 'yan Najeriya kuma sun san shi da sunan Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin NTA da aka ɗauka a yankin Jos a farkon shekarun 1980 don jan hankalin mutane zuwa noma. Ga Karkuzu daga Jos, ga Kuliya Manta Sabo a Kano. Babu wata kyamara ta a zo a gani a wancan lokacin, ɗaki ɗaya da tabarma da kujera biyu sun isa. 'Yan wasan ne ke ɗauke da komai.

Abin takaici shi ne abin da ake samu na waɗannan a intanet yanzu gutsattsari ne, hoto dishi-dishi, sauti na shiga yana fita. Duk da haka, minti goma na Samanja ya fi awa guda ta wasu abubuwan da ake kira barkwanci a yau, inda mutum zai sa rigar mata ko ya shafa gawayi a fuska ya yi ta ihu.

Gidan da ba ya rabo da rigima

Turawa na da wani nau'in wasan barkwanci da ake gina shi a kan wuri ɗaya da mutane ƙalilan. Gida ɗaya ne ko ofis ɗaya, mutanen ba sa canza hali, kowane mako sabuwar rigima ta taso, kafin a tashi an kashe ta ko ta kashe kanta. Daɗinsa shi ne ko daga tsakiya ka shiga ba za ka ɓata ba.

A Kannywood, Gidan Badamasi ne ya fi kama wannan tsari. Falalu A. Ɗorayi ne ya ba da umarni, aka fara haska shi a Arewa24 a 2019. Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ya fito a matsayinsa, attajiri ne a kan keken guragu, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya daga uwaye daban-daban, ga shi da maƙo kamar jaraba. 'Ya'yan sun taru a gidan kowa na jiran rabonsa, uban kuma ya ƙi mutuwa ya ƙi sakin hannu. Nura Ɗandolo a matsayin Yaya Ɗankwambo, babban wa da girman ya tsaya a suna kawai, shi kaɗai ya isa dalilin kallo.

Abin da ya sa wasan ya zauna shi ne dariyar tana da ƙashi a ciki. A ƙarƙashin shirmen akwai maganar auri-saki, da 'ya'yan da suka tashi ba su san juna ba, da zaman jiran gado, abubuwan da kusan kowane dangi ke da labarinsu amma ba a faɗa a fili. Zangunan farko sun fi armashi. Daga baya hayaniya ta yi yawa, kowa na son muryarsa ta fi ta kowa, har wani lokaci sai ka rage sautin waya. Sabon mai kallo ya fara daga farko.

Mai jin Turanci da ke son irin wannan daga waje ya nemi Everybody Hates Chris, wanda aka yi a Amurka daga 2005 zuwa 2009, kashi 88. Labarin ƙuruciyar ɗan barkwanci Chris Rock ne a unguwar talakawa ta Brooklyn a shekarun 1980. Uban gidan, Julius, aiki biyu yake yi, kuma ya san farashin komai har na madarar da ta zube a ƙasa. Bambancinsa da Alhaji Badamasi shi ne shi babu ce ta sa shi maƙo. Magidancin da ke bin ɗaki-ɗaki yana kashe ƙwan lantarki zai ga kansa a ciki. Kusan duk iyali na iya kallonsa tare, abin da ba za a ce ba game da yawancin barkwancin Amurka.

Dadin Kowa da Kwana Casa'in

An buɗe Arewa24 a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, a lokacin da rikicin Boko Haram ke kan ganiyarsa. Wannan tushe ya bayyana a Dadin Kowa, wanda aka fara a 2015: gari ne na ƙirƙira da aka zuba masa duk matsalolin Arewa, daga almajiranci da shaye-shaye zuwa 'yan gudun hijira da zaman Musulmi da Kirista.

Da a hannun wasu ne, da abin ya zama lacca. Abin da ya cece shi shi ne mutanen garin. Malam Nata'ala da tsangayarsa da matansa, Kamaye da Adama da rigimarsu ta yau da gobe, Ayuba Maigadi, Ɗantani Mai Shayi, Kyauta Dillaliya. Yawancinsu ba fitattun taurari ba ne lokacin da aka fara, kuma hakan ya taimaka, domin mai kallo bai ga ɗan fim ba, maƙwabcinsa ya gani. Har yau akwai 'yan wasan da sunan shirin ya binne sunansu na yanka. A 2016 Dadin Kowa ya ci kyautar Africa Magic ta gwarzon shirin Hausa.

Shekara goma ba wasa ba ce, kuma an ga alamar gajiya. Wasu 'yan wasan sun tafi, wasu sun rasu, wasu zaren labarin an ja su har sun tsinke. Amma shekarunsa na farko suna cikin abin da talabijin na Hausa zai yi alfahari da shi.

Kwana Casa'in kuwa wani abu ne daban. Salisu T. Balarabe ne ya ba da umarni, ya fito a 2019, shekarar zaɓe, kuma ya shiga inda fina-finan Hausa suka daɗe suna tsoron shiga. Jihar Alfawa babu ita a taswira, amma asibitinta da babu magani, da gidan jaridarta da ake saye, da 'yan bangarta, duk mun san su. Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikada ba tare da zare ido ko ɗaga murya ba, mugunta cikin lallami da murmushi, irin wadda ta fi ban tsoro. Ga marigayi Umar Malumfashi a matsayin Yakubu Kafi Gwamna, wanda sunansa kaɗai ya isa bayani a kan yadda mulki ke tafiya a jihohinmu. Ga Sahabi, ɗan jaridar da ya ƙi karɓar ambulan.

Idan mutum zai kalli fim ɗaya tak mai dogon zango na Hausa, zangon farko da na biyu na Kwana Casa'in ne. An rubuta su da sanin inda aka dosa, kuma sunan ma ya ɗaure marubutan da wa'adi.

Inda YouTube ya shigo

Kasuwar faifan CD da ta riƙe Kannywood shekara da shekaru ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, satar fasaha da tura fim a waya suka gama da ita. Sai kullen korona na 2020 ya zo, mutane na zaune a gida da waya a hannu. A wannan shekarar Izzar So na Lawan Ahmad ya fito a tashar Bakori TV ta YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya fito a Arewa24 da YouTube. Daga nan kowa ya koma dogon zango.

Yana da kyau mai kallo ya san yadda kuɗin ke shigowa, domin shi ke bayyana abin da yake gani a allo. YouTube na biyan mai tasha ne daga tallan da ake sakawa a bidiyo. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon yawan tallan. Sannan tashar da ke sakin sabon abu kowane mako ita ce ke riƙe masu kallo. Ma'ana, mai shirya fim ba shi da wata riba a kammala labari. Ribarsa na cikin jan sa.

Daga nan ne aka samo doguwar gaisuwa ta minti uku, da mota da za a nuna tun daga buɗe ƙofar gida har ta fita titi, da tuna baya da za a maimaita abin da aka gani makon jiya, da tallan maganin gargajiya da na atamfa da ke katse magana a tsakiya. Duk wannan datarka ce ke tafiya.

Labarina ya fi sauran tsira daga wannan cuta, musamman ta fuskar hoto da sauti, inda Aminu Saira ya ɗaga ma'aunin da sauran suka bi. Labarin Sumayya da Mahmud da Presdo ya riƙe mutane, amma wanda ya sace fim ɗin shi ne Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, ɗan damfara mai bakin zuma wanda za ka tsane shi kana dariya. Tsawon zango ya yi masa illa ta wata hanyar: Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, kuma duk ƙoƙarinta, mai kallo ya riga ya saba da wata fuskar. Dabarar da aka yi daga baya, ta rufe labari a buɗe sabo da sababbin mutane, kamar na Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ya fito, ita ce mafita mafi hankali da wani ya kawo zuwa yanzu.

Izzar So kuwa ya samu karɓuwa ne saboda iyaye sun ga fim ɗin da babu rawa da waƙa mai yawa, ga Umar Hashim, talaka mai gaskiya da ladabi, a gaban Hajiya Nafisa mai izza. Matsalarsa ita ce Umar Hashim ya cika kyau. Mutumin da ba ya kuskure, kuma kowace magana tasa nasiha ce, yana da wuya a bi shi kashi ɗari.

Akwai kuma hannun hukuma. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Dadin Kowa, bisa cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su. Wanda ke bin fim mako-mako ya sa a ransa cewa irin wannan tsaiko na iya faɗowa a kowane lokaci.

Na waje

Diriliş: Ertuğrul na tashar TRT ta Turkiyya, wanda aka yi daga 2014 zuwa 2019, ba ya buƙatar gabatarwa a wurin masu kallonmu. Abin da ya kamata a sani shi ne kashi 150 ne, kowanne kusan awa biyu, wato kimanin awa 300. Kuma abin da tarihi ya tabbatar game da mahaifin Usman, wanda ya kafa Daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ke cikin fim ɗin ƙirƙirar marubuta ce. A kalle shi don nishaɗi da dawakai da takubba, kada a ɗauke shi littafin tarihi a je ana musu da shi a majalisa.

A ɗaya gefen akwai Chernobyl na 2019, kashi biyar kacal, a kan fashewar tashar nukiliya a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet a 1986. Ba na yara ba ne, akwai hotuna masu tayar da hankali. Amma wanda ya ji daɗin Kwana Casa'in zai gane zancen nan take: jami'ai na ɓoye gaskiya don kare kujerunsu, talakawa da ƙananan ma'aikata na biya da rayukansu. Dare biyu sun isa a gama shi.

Katun ba duka na yara ba ne

Nan ne iyaye suka fi yin sakaci. Da an ga zane mai motsi sai a miƙa wa yaro waya a tafi kicin.

Tom and Jerry dai babu matsala. William Hanna da Joseph Barbera sun fara shi a 1940, suka yi gajerun fina-finai 114 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Waɗannan na farkon su ne na gaske, kiɗa da motsi na tafiya tare kamar an auna da ma'auni. Na baya-bayan nan ba su kama ƙafarsu ba. Sirrinsu ɗaya ne da na Mr. Bean: babu magana, don haka babu shingen harshe.

Irinsa na zamani shi ne Shaun the Sheep na kamfanin Aardman da ke Ingila, wanda aka fara a 2007. Da yumɓun roba ake ƙera dabbobin, a ɗauki hoto, a ɗan motsa su, a sake ɗauka. Tumaki ne da suka fi mai gonar wayo, da karen da ke ƙoƙarin rufa musu asiri. Minti bakwai ne kowane kashi, babu kalma ko ɗaya, kuma duk gidan da ake kiwo za a fahimce shi fiye da yadda Bature zai fahimta.

Amma The Simpsons, wanda ake yi tun Disamban 1989 kuma ya haura kashi 750, na manya ne. Zambo ne a kan iyali da siyasa da addini a Amurka, kuma shekarunsa goma na farko suna cikin barkwanci mafi kaifi da aka taɓa yi a talabijin, ga wanda ya san ƙasar da harshenta. South Park da Family Guy sun fi shi nisa, akwai batsa da izgili ga addinai ƙarara. Zanen ne kawai ya yi kama da na yara. Duk wanda ya gan su a wayar ɗansa ya karɓe wayar.

Ga mai neman abin da ya dace da tarbiyyar gida, akwai Upin & Ipin na Malesiya, tagwaye marayu da ke zaune da yayarsu da kakarsu a ƙauye. An fara shi ne a azumin 2007 don koya wa yara Ramadan, ya samu karɓuwa ya zarce. A gida Najeriya kuma akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, wa da ƙanwa da ke koyon tarihi da al'adun Afirka, yara baƙaƙe masu kama da yaranmu.

Ban da irin waɗannan ƙalilan, katun na Hausa fili ne da kusan babu kowa a cikinsa. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Ɓotorami, muna da kura da ba ta taɓa yin wayo ba, amma yaranmu sun fi sanin kyanwa da ɓeran Amurka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: minti ɗaya na zane mai motsi na iya cin kwanaki ana aiki, alhali a wannan lokacin mai dogon zango ya ɗauki kashi guda ya saki.

Ta ina za a kalla?

Da yawa kan kai waya wurin 'yan dawunlodin a tura musu da 'yan canji, kuma ba a ga laifinsu ba idan aka dubi tsadar data. Sai dai ko sisi daga wannan kuɗin ba ya isa hannun wanda ya biya 'yan wasa da masu kyamara. Kallon da aka yi a tashar masu fim ɗin ta YouTube shi ne ake ƙirgawa a biya su.

Mai son ya yi hakan ba tare da ya ƙone datarsa ba ya shiga saitin bidiyo ya mayar da ingancin hoto 360p, wanda a ƙaramin allon waya bambancinsa kaɗan ne. Ya kashe maɓallin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa bayan na farko ya ƙare, musamman idan wayar za ta shiga hannun yaro. Kamfanonin sadarwa kuma na sayar da datar dare da ta YouTube zalla a farashi mai sauƙi, kuma manhajar na barin a sauke wasu bidiyoyin a ajiye a kalla da rana.